Ƙato ko gwani: wa ke cin damben masu nauyi?

"Assalamu alaikum Koci. Ni mahauci ne a mayankar Oko-Oba da ke Agege, shekarata 22, nauyina kilo 104, tsawona ƙafa shida da inci huɗu. Na ɗan taɓa damben gargajiya, har na yi kisa biyu. Yanzu ina son shiga boksin. Abokaina sun ce in ƙara cika jiki, in duƙufa wajen ɗaga ƙarfe, wai a ajin masu nauyi girma da ƙarfin naushi su ne komai. Amma na ga Usyk bai kai Joshua da Fury jiki ba, ya kuma cinye kowannensu sau biyu. To wanne ya fi, girma da ƙarfi ko iya dambe? Ni kuma da wanne zan fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambaya biyu ka haɗa a ɗaya: wane ne ke cin wasa tsakanin ƙato da gwani, sannan me ya kamata saurayi mai jiki irin naka ya sa a gaba. Ta biyun ta fi sauƙi, bari in ba ka amsarta tun yanzu. Jikin da Allah ya ba ka ya isa, kada ka ƙara masa ko kilo ɗaya da gangan. Abin da kake nema yana ƙafarka da hannunka na gaba. Ta farkon kuwa sai mun ɗan zauna, domin abokanka ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba.

Ajin da ba shi da rufi

Kowane aji a boksin yana da iyakar nauyi ta sama, in ka wuce ta a ranar awo ba za ka yi wasa a ajin ba. Ajin masu nauyi ne kaɗai aka bar samansa a buɗe. A damben ƙwararru, da zarar ka haura fam 200, wato kilo 90 da 'yan kai, ka shiga, ko da abokin karawarka ya fi ka da buhun siminti guda. Haka ta faru a 2009 a Jamus, inda David Haye mai kilo 98 ya kara da Nikolai Valuev na Rasha mai tsawon ƙafa bakwai da nauyin kilo 143. Haye ya yi ta shiga yana fita har turmi 12, ya ci da maki.

Kuma 'yan ajin sai ƙara girma suke yi. Rocky Marciano, wanda ya yi wasa 49 ba a taɓa cin sa ba, nauyinsa wajen kilo 85 ne, da a yau ne ma nauyin nasa na ajin da ke ƙasa da masu nauyi ne. Muhammad Ali yana da kilo 98 a daren da ya kayar da George Foreman a Kinshasa a 1974, Foreman ɗin da ake kira dodo a lokacin kilo 100 ne. Kai da ka rubuto mini ka fi su duka biyun nauyi. Tyson Fury kuwa yakan hau sikeli da kilo 115 zuwa sama da 120. Da girma ba ya amfani, da ajin bai tafi haka ba.

Amfanin girma uku ne a wurina. Dogon hannu yana taɓa ka daga inda kai ba ka isa ka rama ba. Jiki mai nauyi yana shanye naushi fiye da ƙarami. Na ukun shi ne wanda 'yan kallo ba sa lura da shi: idan aka rungumi juna, ƙato yakan saki nauyinsa a wuyanka da kafaɗunka kafin alƙalin wasa ya raba. Sau biyar, sau goma a kowane turmi, kana ɗauke da mutum mai kilo 120, ƙafafunka za su mutu tun wasa bai yi nisa ba. Abin da Fury ya yi wa Deontay Wilder ke nan a Fabrairun 2020. A karonsu na farko a 2018 ya yi ta kauce-kauce, aka tashi kunnen doki bayan Wilder ya kai shi ƙasa sau biyu. A na biyun ya zo da kilo 124, ya tunkari Wilder, ya danne shi, ya tura shi baya, har mutanen Wilder suka jefa tawul, alamar sallamawa, a turmi na bakwai. Amma lura, wannan ma ilimi ne. Sanin yadda za ka jingina nauyinka a kan mutum ba tare da an yanke maka maki ba, koya ake yi.

Daga ina ƙarfin naushi yake fitowa

Nan abokanka suka ɓata hanya. Sun ɗauka ƙarfin naushi yana cikin damtse, shi ya sa suka tura ka ɗaga ƙarfe. Naushi daga ƙasa yake tasowa: ka taka da ƙafar baya, ƙugu ya juya, kafaɗa ta bi, hannu shi ne na ƙarshe, aikinsa isar da saƙo. Wilder, wanda duk zamaninsa babu mai hannun dama irin nasa, kilo 96 ne kacal a karonsa na farko da Fury, ƙafafunsa kuma sirara ne. Saurin hannun da tsawonsa da daidai lokacin da yake sakinsa su ne suke kwantar da mutane. Kai mahauci ne, ka san wannan a aikace. Wanda ya iya sara ba ya gajiyar da kansa, ya san gaɓa, ya san inda zai sauke gatari ƙashi ya rabu, sabon shiga kuwa sai ya yi gumi sharkaf yana dukan wuri ɗaya.

Abin da ke sumar da mutum shi ne juyawar kai farat ɗaya, musamman in naushi ya sauka a haɓa ko a gefen kai, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙo. Naushin da mutum ya gani yana zuwa, yakan ɗaure wuya ya cije ya shanye. Wanda bai gani ba shi ne ke kai shi ƙasa, ko da bai kai na farkon nauyi ba. Ɓoye naushi kuwa, a sa mutum ya kalli hagu a kawo masa ta dama, wannan gwaninta ce tsantsa.

Duk da haka ba zan raina ƙarfi ba, domin a wannan ajin shi kaɗai yakan goge kuskuren turmi goma. A Nuwamban 2019 Luis Ortiz na Kuba yana gaban Wilder a takardun alƙalai uku duka, yana koya masa dambe, sai hannun dama guda a turmi na bakwai, wasa ya ƙare. Foreman yana da shekara 45 a 1994, Michael Moorer ya sha gabansa turmi bayan turmi, sai ya same shi a turmi na goma, ya koma zakaran duniya. A ƙananan azuzuwa za ka yi kuskure ka sha naushi ka gyara. A nan kuskure guda yakan zama na ƙarshe.

Misalin da na fi ba yarana shi ne na ɗan ƙasarmu, Samuel Peter na Akwa Ibom. A Satumban 2005 ya kara da Wladimir Klitschko a Amurka. Sau uku Peter yana kai shi ƙasa, amma da aka tara maki alƙalai uku duka suka ba Klitschko 114 da 111. Me ya faru? A sauran turamen Klitschko ya tsare shi da naushin hannun gaba, wanda muke kira jab, in ya matso ya rungume shi, a raba, ya sake komawa nesa. Peter yana da abin kisa a hannu, amma ba shi da hanyar isar da shi sai jefi-jefi. Daga baya ya ci kambun duniya na hukumar dambe ta WBC a Maris na 2008 da ya doke Oleg Maskaev a Meziko, abin alfahari ne gare mu, sai dai a Oktoban shekarar Vitali, yayan Wladimir, ya karɓe shi da wannan dabarar ta tsayawa nesa. Efe Ajagba ɗan jihar Delta, dogo mai hannun dama mai nauyi, irin wannan darasin ya karɓa a hannun Frank Sanchez na Kuba a 2021.

Shi kansa Wladimir abin nazari ne. Ƙato ne tun asali, mai ƙarfi, ga zinaren gasar Olamfik ta 1996, amma Corrie Sanders ya kwantar da shi a 2003, Lamon Brewster ya maimaita a 2004. Jikinsa bai canza ba bayan haka. Kocinsa Emanuel Steward ne ya gyara masa tsayuwa da yadda zai tanadi numfashi da yadda zai kare haɓarsa, daga nan ba a sake cin sa ba sai a 2015 da Fury ya zo. Ƙaton da ya koyi dambe da gaske shi ne abin tsoro a ajin nan, Lennox Lewis ma haka yake.

Abin da Usyk ya yi

Mu zo kan mutuminka. Oleksandr Usyk ɗan Yukren bahago ne, tsawonsa ƙafa shida da inci uku. Ya yi wasa fiye da 300 a damben 'yan koyo, ya ci zinare a Landan a 2012, a gasar da Anthony Joshua ya ci nasa zinaren a aji na sama da shi. Ya haɗa kambu huɗu na ajin da ke ƙasa da masu nauyi a 2018 kafin ya hauro. A Satumban 2021 a Landan ya zo da kilo 100, Joshua da 109. A Mayun 2024 a Riyad ya zo da kilo 101, Fury da 119, ga bambancin tsawo na inci shida.

Na kalli karonsa na farko da Joshua ya fi sau goma, ina tsayarwa ina mayarwa, kuma duk lokacin ƙafafu nake kallo. Idan bahago ya haɗu da na-dama, ƙafafunsu na gaba suna fuskantar juna, wanda ya ajiye tasa a waje shi ke da hanyar hannun baya a miƙe. Usyk ya yi ta cin wannan yaƙin na taku ɗaya. Hannunsa na gaba ba ya hutawa, yana taɓa safar Joshua, yana yi kamar zai kawo ya fasa, kansa yana motsi, kafaɗa tana motsi. Mai ƙarfin naushi yana buƙatar ya dasa ƙafa kafin ya saki hannu. Duk lokacin da Joshua ya dasa, sai Usyk ya gusa rabin taku gefe, dole ya sake shiri daga farko. Ka yi wa mutum haka minti uku-uku har sau goma sha biyu, kansa zai gaji kafin jikinsa, ga kuma manyan tsokoki masu cin iska kamar injin nika yana shan mai. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: a turmi na 12 Joshua ne a jikin igiya yana shan ruwan naushi, mutumin da ya fi shi ƙanƙanta ne ke bin sa.

Da Fury kuwa abin ya fi burge ni, domin Fury ƙato ne kuma gwani. A tsakiyar wasan Fury ya samu hanya, yana kawo naushi daga ƙasa yana dukan ciki, na ɗauka an gama. Usyk ya jure, ya ci gaba da matsa masa ba ya barin sa ya huta, har a turmi na tara ya same shi da hagu, Fury ya yi ta tangaɗi igiya tana tare shi, alƙali ya ƙirga masa. Wannan turmin ne ya raba gardama a takardun alƙalai, Usyk ya zama na farko da ya haɗa kambunan ajin duka tun bayan Lewis a 1999. A Disamba suka sake, Fury ya ƙaro nauyi, alƙalai uku duka suka ba Usyk 116 da 112.

Amma kada ka karanta labarin nan a karkace. Usyk ba ƙaramin mutum ba ne, kilo 100 ne na tsoka da ƙashi, naushinsa yana da zafin da zai sa ƙato ya yi tunani kafin ya afka masa, har ya kwantar da Daniel Dubois a turmi na biyar a Yulin 2025. Gwanin da ke da kilo 70, komai iyawarsa, ba zai yi abin da Usyk ya yi ba, shi ya sa ma aka raba azuzuwa. Akwai gwargwadon jiki da ƙarfi da sai ka kai shi kafin gwaninta ta yi maka aiki a wannan aji. In ka kai, abin da ka ƙara a kai amfaninsa raguwa yake yi, wani lokacin ma ya koma kaya.

Andy Ruiz shaida ne ta fuska biyu. Ranar 1 ga Yunin 2019, a nan kuma gab da asubar washegari, muna gidan kallo a Agege, ana ta yi wa tumbinsa dariya. Joshua ya kai shi ƙasa a turmi na uku, ya ruga don ya ƙarasa shi, ya manta cewa a kusa mai gajeren hannu da sauri shi ne sarki. Ruiz ya same shi a gefen kai, daga nan ƙafafun Joshua ba su dawo ba, sau huɗu yana faɗuwa kafin a tsayar a turmi na bakwai. Gidan kallon ya yi tsit, Yarbawa da Hausawa kowa ya riƙe kai. A Disamba a Saudiyya Ruiz ya dawo ya ƙara kusan kilo bakwai, ya kai 128, Joshua kuwa ya rage jiki, ya tsaya nesa yana jab yana zagayawa. Ruiz ya kasa kama shi har aka tashi. Wanda ya ƙara nauyi ya faɗi, wanda ya rage ya karɓi kambunansa.

Akwai kuma daren da ƙarfi ya kusa kunyata ilimi. Francis Ngannou ɗan Kamaru bai taɓa yin wasan boksin na ƙwararru ba, amma a Oktoban 2023 ya kai Fury ƙasa a turmi na uku, da ƙyar Fury ya tsira da maki. Bayan wata biyar Joshua, wanda ya ɗauki abin da muhimmanci, ya gama da shi a turmi na biyu da hannun dama miƙaƙƙe. Gibin da Fury ya kasa amfani da shi yana nan, Joshua ya gan shi.

Abin da na gani a wurin horo

Ni ma ta damben gargajiya na shigo, na ɗaura zare kafin in sa safa, don haka na san abin da za ka zo da shi. Za ka zo da zuciya, da haƙurin jiran dama, da idon auna tazara, waɗannan dukiya ce da yaran da suka fara da buhu ba su da ita. Za ka kuma zo da halaye uku da sai an sha wuya kafin a cire su. A gargajiya hannu ɗaya ne makami, na gaba garkuwa ce a buɗe, a boksin kuwa hannun gaban shi ne ke cin yawancin maki. Tsayuwarmu tana da faɗi, nauyi a baya, ba ta barin mutum ya gusa gefe da sauri. Sannan mukan ɗebo naushi daga nesa mu zagayo da shi, wanda ɗan boksin zai hango tun daga Oshodi. Ga kuma numfashi: turmi uku na gargajiya, da tsayuwa da kallon-kallo a ciki, ba ɗaya suke da minti uku na motsi ba tsayawa ba.

Shekarun baya wani yaro ya zo mini daga kasuwar Mile 12, ɗan dako ne, buhun albasa yake saɓawa kamar matashin kai, ya haura kilo 110. In ya daki buhun naushi sai kowa ya waiwayo. Bayan wata biyu na haɗa shi gwajin hannu da wani yaro Bayarabe daga Mushin mai kilo 81 wanda ya shekara shida yana koyo, na ce su yi a hankali. Turmin farko ƙaton ya kai naushi ya fi talatin, biyu suka taɓa kafaɗa. A na biyu bakinsa a buɗe, hannuwa sun sauka ƙugu. A na uku na tsayar, domin ƙaramin yana taɓa hancinsa duk lokacin da ya ga dama. Ya zauna a ƙasa yana haki, hawaye a idonsa. Na ji tsoron ba zai dawo ba, amma washegari ya riga kowa zuwa. Wata takwas na hana shi sakin hannun dama da ƙarfi, daga tsallen igiya sai taku sai jab. Da na sake haɗa su, ƙaramin da kansa ya ce mini ba zai ƙara shiga da shi ba, domin yanzu ƙaton ya iya tare masa hanya ya kai shi kusurwa, kuma a kusurwa kilo talatin ɗin nan da ke tsakaninsu ya fara magana.

Da me za ka fara

Shekara 22 ba ta yi latti ba a wannan ajin. Joshua yana da 18 ya fara, Wilder yana da 20. Nemi koci na gaske, a filin wasa na ƙasa da ke Surulere akwai wurin horon boksin, akwai kuma ƙananan kulob a unguwanni. Alamar koci nagari ita ce ba zai jefa ka gwajin hannu mai zafi a makon farko ba. Kafin komai ka je asibiti a duba hawan jini da zuciya da idanu, ka kuma faɗa wa likita gaskiya in an taɓa sumar da kai a gargajiya.

Wata shida na farko ka ba wa ƙafa da numfashi. Gudu sau uku ko huɗu a mako, wani na nesa a hankali, wani gajere da gudun tsiya ana hutawa ana sakewa, domin haka turmi yake. Tsallen igiya kullum. Dambe da iska a gaban madubi, kana kallon haɓarka da inda hannu ke komawa bayan ya fita. Jab ɗari-ɗari, kana tafiya gaba, kana ja baya, kana zagayawa. Tun da aikin mayanka na sassafe ne kuma yana cin ƙarfi, mayar da horonka bayan la'asar, ka samu barci sosai. Ɗaga ƙarfe sau biyu a mako ya wadatar, ka fi ba ƙafa da ƙugu da baya da wuya, ka bar neman kumbura damtse. Nama ba zai yi maka wuya ba, ka haɗa da wake da ƙwai da ganye, ka rage lemon kwalba. Nauyinka zai iya sauka zuwa 99 ko 100 a watannin farko, kada hankalinka ya tashi.

Ina roƙonka da girman Allah ka nisanci tiramol da allurar ƙara tsoka da duk wani haɗin da za a ce yana sa mutum ba ya jin duka. Rashin jin duka ba ya hana ƙwaƙwalwa rauni, sai dai ya hana ka sanin lokacin tsayawa. Kada ka shiga gwajin hannu ba robar haƙori da hular kare kai, in kuma ka sha naushin da ya sa ka jiri ko amai ko ciwon kai, ka ga likita, ka huta har sai ya sallame ka.

Iyakata ita ce ni kocin 'yan koyo ne, yaran unguwa nake horarwa zuwa gasannin jiha, kuma a rubuce na san ka. Haɓarka, wato yadda kake ɗaukar duka, da saurin hannunka, da abin da zuciyarka ke yi in numfashi ya ƙare, sai an gan ka a cikin igiya. Ka yi damben 'yan koyo tukuna, turmi uku na minti uku-uku, ka tara wasanni kafin ka saurari duk wanda zai zo maka da maganar kuɗi. In ka samu kocin, ka gaya masa tun ranar farko cewa ka yi gargajiya da kuma hannun da kake ɗaurewa, domin da shi zai yanke ko a na-dama zai tsayar da kai ko a bahago.